Furshin da Ba a Ja Ba

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Baffa, wan mahaifina, ya riga mu komawa. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Kara-Kara, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka ni aka zaunar a tsakiya ina karɓar gaisuwa.

Mutane sun zo, ba laifi. Akwai masu dakon ruwa da ke ɗaura bido, wato jarka, a keke, akwai tsofaffin masu gyara da suka yi zamani da shi, har da wani mushen lakwal, malamin makaranta mai ritaya, da ya zo a kan kekensa ya jingine shi inda kowa zai gani, ya ce wannan aikin marigayi ne. Kowa ya yabe shi. Amma akwai kalmar da ta riƙa dawowa har ta fara ci mini rai, ita ce "sai dai". Mutumin kirki ne, sai dai. Hannunsa babu irinsa a Damagaram, sai dai. Ba wanda ya ƙarasa. Sai a dube ni, a sunkuyar da kai, a ce Allah ya yafe masa, kowa yana kuskure.

Abin da ba sa ƙarasawa shi ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce mahaifina ya faɗo daga kan keken da ya fito daga rumfar Baffa, ya karya wuya, ya rasu. Ni suke tausaya wa. Wani dattijo har ya riƙe hannuna ya ce Allah ya yi mini albarka da na iya danne zuciya na zauna a makokin wanda sakacinsa ya mayar da ni maraya. Na ce amin.

Inna, mahaifiyata, ba ta zo ba. Da yamma matar Baffa ta aika aka kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarmar takaba, idanunta sun kumbura.

"Uwarku ba ta zo ba," ta ce. "Ban ce sai ta tako ba. Ko a bakin wani ta aiko ta ce ta yafe masa, ya ishe ni. Kada a yi addu'ar uku da wannan abu a kansa."

Na ce zan yi mata magana. Na fito da sauri, don na san abin da ita ba ta sani ba, abin da Inna da duk masu "sai dai" ba su sani ba. Ba hannun Baffa ne ya ɗaure keken nan ba. Nawa ne.

Zan faɗi yadda aka yi, amma bari in fara faɗin ko wane ne shi, kada a manta da shi a kan ƙarya.

Baffa mai gyaran keke ne tun kafin a haife ni. Da aka fara shigo da tsofaffin kekunan Turai masu ƙatuwar taya, waɗanda muke kira betete, sai sana'arsa ta koma kan abu guda: furshi, wato ƙafafu biyun nan da ke riƙe da tayar gaba. Na betete ba sandararru ba ne, suna shiga suna fita, da risor a ciki, murɗaɗɗen ƙarfe mai shanye gargada. An yi su ne don Nasara ya yi wasa a kan dutse ranar hutu. Kafin su iso mana sun riga sun tsufa, mu kuma sai mu ɗora musu bido huɗu ko buhun gero mu bi da su cikin rairayi. Ƙasa ta bi ta juwan da ya bushe, wato zoben robar da ke toshe bakin ƙafar, ta shiga ciki, kafin shekara furshin ko ya ƙage ko ya kwanta, yana ƙwas-ƙwas kamar ana buga ƙofa.

Sauran masu gyara suna da magani mai sauƙi. Sai su kai wa mai walda ya liƙe ƙafafun, ko su dunƙule itace su cusa ciki. Suna kiran wannan kashewa, kuma mutane suna so, don kafin ka sha shayi an gama. Baffa bai taɓa kashe furshi ba. In ka ce masa ya kashe maka, sai ya nuna maka hanya da kilen da yake kwance ƙarfe da shi ya ce mahauta suna can gaba. Ya yi abokan gaba da yawa da wannan baki nasa, kuma bai damu ba.

Aikinsa yana da ban haushi in kana sauri. Zai shimfiɗa buhu, ya kwance komai, kayan ƙafar dama a dama, na hagu a hagu, kuma kaiconka in ka taɓa. Zai shinshina tsohon man da ya fito, in ya ji ƙarni ya ce ruwa ya shiga, ya dubi mai keke kamar shi ya zuba. Zai bi jikin ƙarfen da farce yana neman ƙarzuwar da ido ba ya gani. Juwan irin nasu ba a samunsa a kasuwa, sai ya je wurin dukawan Birni ya sayo guntayen fata, ya yanka, ya jiƙa da mai kwana biyu. A ƙarshe ya ɗinka wa kowace ƙafa rufi da robar cikin taya, yana kiransa wando. Ya kan ce wa mai keke ya riƙa goge ƙafafun da tsumma kowace safiya kamar yadda yake wanke fuskarsa, sannan ya ƙara dubansa ya ce, in dai yana wankewa.

Kunnensa kuwa ba ya hutu. Na taɓa ganin ya bar abinci ya bi wani baƙauye da gudu, babbar riga tana tashi, don ya ji ƙarar furshinsa daga nesa. Mutumin ya ɗauka ɓarawo ake bi, ya ƙara wuta. Da Baffa ya cim masa sai ya ƙwace keken, ya ba shi nasa ya ce ya je ya gama harkarsa ya dawo jibi. Bai san sunansa ba, bai tambayi garinsu ba. Mutumin ya dawo, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara ranar Talata.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne aikinsa na ƙarshe. Duk mai keke in an gama masa gyara, kan keken yake dannawa, ya ga ya shiga ya fito, ya yi murmushi. Baffa ba ya kallon wannan. Akwai igiya a azarar rumfarsa. Zai rataye keken, ya kama tayar gaba da hannu biyu, ya ja ƙasa da duk nauyinsa har ƙafafunsa su kusa barin ƙasa. Ya sha yi mini bayani, ni da nake zuwa rumfar shan iska ina ganin na fi ƙarfin aikin hannu. Ya ce muddin taya tana ƙasa, nauyin mutum ne ke riƙe da komai, ko babu bulon ko ɗaya, wato kusa mai haƙora da ake murɗawa, furshi zai yi kyau a dannawa. Sai taya ta tashi sama a kan gargada, a nan ne bulon biyun da ke gindin ƙafafun suke aiki, su kaɗai ke hana ƙafafun zarewa. "Dannawa ta mai keke ce," in ji shi, "ja nawa ne."

Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Ba zan ce ban sani ba.

Mahaifina yana da gona a kan hanyar Droum, kuma Baffa ne ya zaɓar masa betete don zuwa can. Wa da ƙane ne da ba su yi kama ba ko kaɗan. Mahaifina mai gaggawa ne, yana cin abinci a tsaye. Baffa kuwa sai ya yi rabin yini a kan bulon ɗaya. Kullum suna faɗa, kullum suna tare.

A bazarar shekarar nan Baffa ya kwance furshin keken, ya tarar bulon ɗaya haƙoransa sun cinye, ɗayan kuma sandar da yake kamawa a ciki ta tsage. Ya ce keke ba zai fita ba sai an sami wasu. Ya ji labarin wani mutum a Zermu mai mataccen keke irin wannan, sai ya tafi nema, ya bar makullin rumfa a gidanmu kamar yadda ya saba. Ranar da ya tafi aka yi ruwan shuka.

Mahaifina ya kasa zama. Ya ce ƙasa ta jiƙu, maƙwabtan gona gobe za su shuka, shi yana nan yana jiran wansa ya gama yawon neman ƙarfe. Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyarwa a lakwal, ina ji da kaina. Ya dube ni ya ce, ni da na yi boko, bulon biyu ne za su gagare ni? Na taɓa ganin wasu masu gyara suna naɗa zare a kan bulon da ya cinye don ya kama. Na ɗauki koren zare daga faifan ɗinkin hular Inna ba tare da ta gani ba, muka tafi rumfa. Ranar ruwa ce, layin ba kowa.

Na naɗa zaren, na ɗaure ɗaya. Ɗayan na murɗa shi a hankali don kada tsagar ta ƙaru. Na danna kan keken, ya shiga ya fito lafiya lau. Mahaifina ya danna, ya yi dariya ya ce ashe wansa wahalar da mutane kawai yake yi. Igiyar tana rataye a saman kaina. Na gan ta. Na ce a raina in na ja abin ya zare, sai in sake aiki, ga shi mahaifina yana yabona. Na kulle rumfa muka tafi, shi kuma ya ce wa Inna ya ɗauko kekensa, bai ƙara komai ba.

Washegari da safe, a wani kwari da ruwa ya yanke hanya, tayar gaba ta tashi, ƙafafun furshin suka zare kamar an cire takalmi. Masu amalanke ne suka tsince shi. Ya yi kwana huɗu a likita bai yi magana ba. Idonsa kawai ke motsi, kuma in na shiga ɗakin a kaina yake tsayawa. Har yau ban san ko tuhuma ce ko tausayi ba.

Baffa ya dawo daga Zermu da azahar ɗin ranar da abin ya faru, da sanduna biyu a naɗe cikin tsumma. An riga an kawo keken an jefar a ƙofar gidanmu. Ya tsuguna, ya zaro bulon ɗin daga gindin ƙafar, ya ga zaren. Ya warware shi a hankali, ya dunƙule, ya sa a aljihu. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni sau ɗaya. A daidai nan ƙanen Inna ya matso yana huci, ya tambaya a gaban jama'a wa ya gyara wannan keke.

"Daga rumfata ya fita," in ji Baffa.

Bai yi ƙarya ba. Ni kuma ina tsaye, bakina a rufe.

Daga ranar Inna ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo zaurenmu ya yi sallama, ya jira, ya sake yi, ya cika uku, ya tafi. Shi ya karɓi noman gonar nan, da kaka ya kawo geron har ƙofa. Gero ta kan karɓa, don ta ce na marayu ne, amma naman layyarsa mayar masa ake yi a kwanon da ya zo. Bai fasa aikowa ba ko shekara ɗaya.

Sana'a kuma ta mutu a tsaye. Magana ta zaga gari cewa mai taurin kan nan da ba ya kashe furshi ya kashe ƙanensa. Masu walda suka samu abin faɗa. Mutane suka riƙa wuce rumfarsa da kekunansu suna ƙwas-ƙwas, shi yana ji, ba ya iya tashi ya bi su. A shekarunsa na ƙarshe faci yake yi, mutumin da ke gane ciwon ƙarfe da farce. Duk da haka ko facin ya yi maka sai ya rataye keken ya ja, mutane suna dariya a ɓoye.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gyara abin, a shekara ta biyu. Na same shi yana wanke risor a kwano, na ce zan je in gaya wa Inna gaskiya. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ajiye kwanon har kananzir ya fantsama a rigarsa.

"Ta binne miji," ya ce. "Yanzu kana so ka nuna mata wanda ya jawo, ta riƙa zuba masa tuwo kullum? Ni a waje nake, tana iya ƙina ta rayu. Kai a cikin gida kake. Muddin ina numfashi ban yarda ba."

Na fara yi masa godiya, ya katse ni. Ya ce kada in ɗauka don ni yake yi, don ita ce da ƙannena. Ya ce ni dai ban ja ba, kuma in tafi in ba shi wuri. Na tafi, kuma zan faɗi abin kunyar: daɗi na ji. An hana ni abin da dama tsoronsa nake yi. Na rataya tsorona a wuyan biyayya, na yi aure, na haihu, Baffa ne ma ya yi wa ɗana huɗuba, Inna tana ɗaki ta rufe ƙofa har ya fita.

Ana saura kwana uku ya rasu ya sa na jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai sandunan Zermu, har yanzu a cikin tsummansu, da ɗan dunƙulen koren zare da mai ya baƙanta gefensa. Ya ce in jefar ko in ajiye, yanzu nawa ne. Can ya tambaya ko Inna ta san yana kwance. Na ce ta sani, tana ma gaishe shi. Ya yi 'yar dariya da ta koma tari, ya ce ko ƙarya ban iya ɗaurewa ba.

Ranar addu'ar uku, da rana ta fito, na tafi gidanmu da zaren a aljihu. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, in za ta yi magana da ni sai ta ce "kai" tana duban wani wuri. Wannan kunyar ita ce soyayyar da na sani daga gare ta, kuma ban taɓa neman wata ba.

Na tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da saƙon matar Baffa. Ta ce ba ta yi masa mugun fata ba, amma kada a tilasta wa bakinta abin da zuciyarta ba ta yi ba. Sai na ajiye zaren a kan faifan. Ta dube shi, ta ɗauka, ta murza tsakanin yatsu. Mai ɗinki ba ta kasa gane zarenta. Na faɗa mata komai, tun daga ruwan shuka har igiyar da na gani na ƙi ja. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ta dunƙule zaren a hannunta.

"Ya sani?"

Na ce tun ranar.

"Duk Juma'ar nan da yake tsayawa a zaure yana sallama, ya sani?"

Na ce ya sani.

Sai ta dube ni tsakiyar ido, ta kira sunana. Cikakken sunana, a fili, kamar yadda ake kiran mutum a layin likita.

"Shekara goma sha ɗaya ka bar ni ina ɗaukar haƙƙin bawan Allah," ta ce. "Sai da ƙasa ta rufe shi ka zo. Wa zan roƙa yanzu?"

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta sa hijabi ta fito. Na ce ga babur, ta wuce ni kamar ba ta ji ba. Da ƙafa ta je Kara-Kara, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ni ina binta a baya ina tura babur. Da ta shiga, mata suka buɗe mata hanya. Matar Baffa ta miƙe tana jiran kalmar da ta roƙa. Inna ta durƙusa a gabanta ta ce ba ta da abin da za ta yafe, ita ce ta zo roƙo, kuma wanda za ta roƙa ba ya nan.

Ni kuma na fita wurin maza. Kafin liman ya ɗaga hannu, wani ya sake cewa marigayi gwani ne, sai dai. Na miƙe na ce yau zan ƙarasa masa zancen. Na ƙarasa. Dattijon da ya sa mini albarka ranar Talata ya janye ƙafarsa daga kusa da ni, kuma ban ga laifinsa ba. Mushen nan mai ritaya ya rufe fuska da hularsa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da mu muka hana shi yana raye. Sunansa ya wanku, amma ba ya nan ya ji, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba. Igiyar tana nan a azarar rumfa, ban bari an kwance ta ba.

Inna ba ta kore ni ba. In na je gaisuwa tana amsawa, tana sa a kawo mini ruwa, tana tambayar yara. Abin da Baffa ya ji tsoro bai zo da hayaniya ba. Tun daga ranar nan dai, da sunana take kirana.